Ina neman jitar bes ta koyo, amma aljihun ba nauyi

Ɗan_Tumfure:
Salam jama'a. Dan Allah masu harkar kiɗa ku ba ni shawara. Ni a Gombe nake, akwai abokina da yake da ɗan situdiyo kuma komai da fiyano yake haɗawa har da bes ɗin, to rannan na je wani biki a Kaltungo na ga wani yana kaɗa jitar bes, wato jitar nan mai sauti mai kauri, da hannu, wlh sautin har cikin ƙirjina nake jinsa, tun daga ranar abin ya shiga raina. Ban taɓa riƙe jita ba, ko ta gwangwani. Na tara wajen dubu 180, an nuna min wata a WhatsApp mai tsirkiya 5 an rubuta Fender a kanta, mai ita yace in cika dubu 170 ya sako min ita a mota daga Legas. In tura ne ko in dakata? Kuma mai tsirkiya 4 da mai 5 wacce ta fi dacewa da ɗan koyo?

Bulus_Yelwa:
Ƙanina kar ka tura ko sisi. Fender ta gaske sabuwa ba ta zuwa a wannan kuɗin, ko kusa, sitika ce kawai aka manna. Ni abin ya taɓa cina, shekarun baya na saya irinta a hannun wani, hoto kamar ka lashe, da ta iso Bauchi sai na tarar wuyanta ya lanƙwashe kamar baka, tsirkiyoyin sun yi nisa da katako sai ka danna da ƙarfin tsiya, wata biyu yatsuna na ciwo ina zaton ni ne ban iya ba ashe kayan ne.

In sunan Fender ɗin ne ya ɗauke maka hankali, suna da ƙaramin kamfaninsu Squier, shi ke yin masu sauƙin kuɗi, nemi Squier Affinity. Bayan ita akwai Yamaha TRBX174, akwai Ibanez GSR200, akwai Cort Action. Duk na 'yan koyo ne kuma ba sa ba da kunya. Ni dai in ka tambaye ni Yamaha zan ce, don ko ta hannu ce da wuya ka samu wadda aikinta ya lalace. Farashi kam yana bin dala, sai ka tambaya a ranar da za ka saya, amma da kuɗinka ta hannu mai lafiya za ka nema ba sabuwa ba.

Sannan abin da baka lissafa ba: bes ba ta magana ita kaɗai. In baka jona ta da amfilifaya ba, wato amf, akwatin da ke fito da sautinta da ƙarfi, kusan ba abin da za ka ji. To in ka zuba dubu 170 a jita, da me za ka sayi amf da wayar jonawa da jaka?

Maman_Zainab_Piano:
Gaskiya ne maganar amf. Kuma kar ka ce za ka jona a ƙaramar sifikar jita ko ta waya ka ƙure murya, sautin bes yana da nauyi, yaga sifikar zai yi. Amf na bes daban yake, ƙarami mai wat 15 ko 25 irin Fender Rumble ya ishe ka a ɗaki. Ɗana kuma wani ɗan mitsitsi yake amfani da shi, Vox amPlug, ana soka shi a jikin jitar a sa abin kunne, da batir yake aiki, ko an ɗauke wuta yana koyonsa kuma maƙwabta sun huta, ni ma na huta.

Yakson_Billiri:
Ni zan ɗan saɓa da Oga Bulus a wuri ɗaya. In a coci zaka riƙa kaɗawa ko da mawaƙa masu son sauti ya nutse ƙasa, sayi mai 5 tun yanzu. Tsirkiya ta biyar ɗin ita ake kira B, sautinta yana sauka ƙasa da na E wadda ta fi kauri a mai 4, kuma yawancin masu bes da na sani yanzu ita suke riƙewa. Meye amfanin ka saya 4 bayan shekara ɗaya ka sake neman kuɗi?

Bulus_Yelwa:
Yakson ban ƙi taka ba, amma duba aljihun yaron. Mai 5 mai araha, B ɗin nan yawanci sakwaf take, sai ɓurum ɓurum ba ka gane me take faɗa. Ga wuyanta ya fi faɗi, ga tsirkiyoyin sun fi matsuwa, ga kuma ƙarin tsirkiya ɗaya da zai koyi toshewa don kar ta riƙa gurnani yana kaɗa wata, wanda shi ne abin da ya fi wahalar da ɗan koyo. Mai 4 ɗin E A D G ce, da ita Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951 kuma har yau da irinta ake manyan wasanni. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya a kuntigi ya zaga duniya, balle huɗu.

Ɗan_Tumfure ga abin da za ka duba in ka samu ta hannu, kuma ka je da wanda ya iya, ko ɗan kuɗin mota ne ka biya masa zuwa Jos ko Kano ya fi maka asara. Ka ɗaga ta ka leƙa wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba ko katako ya miƙe, ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, amma in ya murɗe gefe ajiye musu kayansu. Akwai ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki a miƙar da shi, ka tabbata yana juyawa, in ya ƙi ko bakinsa ya cinye to ba gyara mai sauƙi. Ka danna kowane gida, wato tsakanin ƙarafunan da ke jere a wuyan, tun daga na farko har ƙarshe ka ji ko akwai inda take zizara. Ka kaɗa tsirkiya ba tare da ka danna ta ba, sannan ka danna gida na 12 ka kaɗa, ya kamata sauti ɗaya ne sai dai na biyun ya fi siriri. A jona ta a amf a gabanka, ka murɗa duk maɓallan, ka girgiza wayar a bakin ramin da ake soka ta ka ji ko tana ƙarar-ƙarar.

Wani abu kuma da 'yan Legas ba za su gaya maka ba, hunturunmu. Jitar da ta saba da damshin can in ta zo nan iskar Disamba ta buge ta katakon yana tsukewa, sai ka ji bakin ƙarafunan wuyan suna kartar hannu, saitin ma ya canza. Ba lalacewa ta yi ba, saiti take so. Kar dai ka bar ta a rana ko cikin but ɗin mota, in ka gama ka mayar jaka.

Sadiq_Jekadafari:
Ƙari kaɗan, ka tambaya ko mai batir ce. Wasu suna da batir 9V a baya, GSR200 ma haka take, in ka bar waya a jone yana shanyewa ko ba ka kaɗawa, sai ranar da ake buƙatarka ta yi shiru. Ni na fi son marar batir ga mai koyo. In kuma hannunka ƙarami ne akwai gajeru masu inci 30, na yau da kullum 34 ne.

Ɗan_Tumfure:
Kai na gode sosai, Allah ya saka. Na ce wa mai Fender ɗin ya turo bidiyo yana kaɗa ta a amf da hoton lambar da ke bayan kan, tun jiya ya karanta bai amsa ba. Oga Bulus in na samu Yamaha ta hannu a Jos zan iya turo maka hoton wuyan ka duba min kafin in biya?

Bulus_Yelwa:
Turo, amma hoto ba ya nuna murɗewa sosai. Ranar da za ka tafi ai ta Bauchi za ka bi, ka yi min magana in ba ni da aiki sai mu wuce tare, ka zo da dubu 40 a gefe na amf kar ka taɓa su.