Ta yaya zan tsara jadawalin aikin ma'aikatan jinya ba tare da ƙorafi ba?

Sista Mai Rosta:

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da aka ɗora mini nauyin rubuta jadawalin aiki na ɗakin kwantar da mata a asibitinmu, kuma har yau ban fitar da ko ɗaya wanda ba a biyo ni da ƙorafi a kansa ba. A rubuce mu 14 ne, amma ɗaya tana hutun haihuwa, ɗaya kuma tana hutun shekara. Ana buƙatar mutum 4 da safe, daga ƙarfe 8 zuwa 2, sai 3 da yamma, daga 2 zuwa 9, sannan 2 da dare, daga 9 zuwa 8 na safe. Da fensir nake cika takardar, kuma na watan jiya sai da ta huje saboda yawan gogewa. Shin akwai hanyar lissafi ko wata manhaja da za ta raba ni da wannan wahala?

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam, Sista. Kafin a je ga manhaja, a fara da ƙidaya. Mutum 9 kike buƙata kowace rana, wato gurbi 63 a mako, alhali mutum 12 masu yin kwana biyar-biyar gurbi 60 kaɗai za su cike. Ke nan kowane mako dole mutum uku su yi kwana shida, ko wace irin kwamfuta ce ta rubuta jadawalin.

Masana lissafi sun daɗe suna nazarin wannan matsala, har an shirya gasar ƙasa da ƙasa a kanta a 2010, domin tana cikin matsalolin da hanyoyin warware su ke ninkuwa fiye da kima da zarar an ƙara mutum ko rana. Dabarar ita ce a raba sharuɗɗa gida biyu: waɗanda ba a karya su ko ta halin ƙaƙa, kamar kada wadda ta kwana aiki ta zarce da na safe, da waɗanda ake so a cika idan hali ya yi, kamar roƙon hutun biki ko suna. Kowane sharaɗi na rukuni na biyu ana ba shi maki gwargwadon nauyinsa, sai kwamfuta ta nemo jadawalin da ya fi ƙarancin asarar maki. Solver, wato kayan warware irin wannan lissafi da ke zuwa da Excel, ba zai ɗauka ba, domin iyakarsa zaɓi 200 ne, ke kuma mutum 12 a kwana 28 da lokutan aiki uku sun ba ki 1,008. OR-Tools, wato kayan warware irin wannan lissafi na Google, kyauta ne, kuma yana da misalin jadawalin ma'aikatan jinya, sai dai yana buƙatar wanda ya iya yaren rubuta manhaja irin su Python.

Tsohuwar Matiron:

Malam, lissafinka daidai ne, amma kwanaki ka ƙirga, mu kuwa sa'o'i ne suke karya mu. Wadda ta yi safiya biyar ta yi sa'a 30, wadda ta yi dare biyar ta yi 55, kuma a takarda dukansu kwana biyar suka yi. Ina kyautata zaton nan ne tushen ƙorafin da ake kawo miki, 'yata. Idan kika tara duka, ɗakinki yana cin sa'a 469 a mako, kusan 39 ga kowace ɗaya, saboda haka aikin zai rabu, amma babu rarar da za ta rufe ko da zazzaɓin mutum ɗaya.

Ki riƙa juya su gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi karɓar jinkirta barci a kan gaggauta shi. Ki guji sa wadda ta tashi ƙarfe 9 na dare ta dawo 8 na safe. Sa'a 11 ce a tsakani, daidai da mafi ƙarancin hutun da dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta tanada, amma idan aka cire miƙa aiki da neman abin hawa da hidimar gida, abin da ya rage na barci kaɗan ne. Za a ba ki shawarar komawa tsarin sa'a 12 don a samu ƙarin ranakun hutu. Ki yi hattara, domin binciken Ann Rogers da abokan aikinta a Amurka a 2004 ya nuna cewa haɗarin yin kuskure yana ninkuwa sau uku idan aiki ya kai sa'a 12 da rabi. Ni dai littafi na ajiye, inda nake rubuta wadda ta yi aikin Sallah da wadda ta yi ƙarshen mako, kuma a kan tebur yake, kowa yana iya buɗewa.

Sista Mai Rosta:

Na gode, Malam, na gode, Mama. Na koma kan jadawalin watan jiya na ƙirga da sa'o'i, sai na tarar wadda ta fi kowa ƙorafi ta zarce wata abokiyar aikinta da sa'a 41, ni kuwa ina ɗaukarta mai mita. Zan kai wa shugabar ma'aikatan jinya wannan lissafi ranar Litinin. Malam, idan an ba kowane roƙo maki, wa ya kamata ya yanke makin, ni kaɗai ko mu zauna gaba ɗaya?