Akwatin wuta mai tsada ko waya mai rassa: muhawarar masu jita

Ɗan Jos: Jama'a barkanmu da dare. Ina da magana, kuma duk mai ja ya fito. Akwatunan wutar nan masu tsada da ake tallata wa masu jita don ba wa fedal wuta, wato ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa su sauya sautin jita, waɗanda ake cewa kowace ƙofa wutarta daban, ɓarnar kuɗi ce. Adafta ɗaya mai kyau da waya mai rassa sun ishi kowa. Adaftar 1 Spot kaɗai tana ba da 1700mA (mA ma'aunin yawan wutar da ake ja ne), ita kuwa fedal ɗin Boss DS-1 abin da take ci 'yan mA ne kawai. To me zan yi da akwatin da kuɗinsa zai saya mini fedal biyu?

Mama Ma'aji: Gara da ka ta da zancen nan, ɗana. Yaran kiɗanmu na coci sun kawo mini takardar sayayya, akwatin nan ne a sama. Kuɗin jama'a ne a hannuna, ina so in ji hujja kafin in sa hannu.

Mai Bes: Ɗan Jos, fedal nawa gare ka, kuma waɗanne?

Ɗan Jos: Huɗu. Tuna ta saita igiyoyi, DS-1, Tube Screamer da korus. Shekara da shekaru a kan waya ɗaya, ban taɓa jin ƙugi ba.

Mai Bes: Ai shi ya sa. Ban da tunar, duk naka na analog ne, masu cin wuta kaɗan. Ka ɗora dile, fedal mai maimaita sauti, na dijital mai allo a kan wayar nan, ka taka DS-1 ɗin, ka kasa kunne. Za ka ji wata siririyar tsuwwa a ƙarƙashin kiɗan, wani lokaci har da ƙyas-ƙyas mai bin bugun fitilar tempo. Ni na ji da kunnena a studiyo, mai haɗa sauti ya hana mu ci gaba sai da aka raba musu wuta.

Ɗan Jos: Wannan matsalar studiyo ce, Yaya. A gidan biki wa zai ji? Ganga na tashi, janareta na ruri, mata na guɗa.

Baba Injiniya: Assalamu alaikum. Na karanta abin da kuka rubuta. Ni gyara nake yi, ba kiɗa ba, kuma fedal da aka kawo mini a ƙone sun fi waɗanda aka kawo saboda ƙugi yawa nesa ba kusa ba. Don haka ku bar ni in fara da abin da ke kashe kaya, daga baya mu dawo kan ƙara.

Abu uku ake dubawa a gindin fedal ko kusa da ramin wutarta. Ƙarfin wuta, wato V, dole ya yi daidai: in an rubuta 9V, 9V za a ba ta. Akwai masu ɗaukar 9V har 18V kamar Fulltone OCD, amma sai wadda kamfaninta ya faɗa. Sai fuskar wutar. Yawancin fedal suna bin tsarin da Boss ya yaɗa, bakin waya mai 2.1mm, negatif a tsakiya, fozitif a waje. Adaftar rauta da ta dikoda da ake samu a kowane shago akasin haka suke, fozitif ne a tsakiya, kuma bakinsu yana shiga ramin fedal daram. Nan ne yara ke ƙona kaya. Sai mA, kuma shi ne mutane suka fi jin tsoro alhali shi ya fi sauƙi. Fedal na jan abin da take buƙata ne kawai. Adafta mai 1700mA ba za ta ɗura wa DS-1 fiye da cikinta ba. Ƙarancinsa ne matsala: in bai kai ba, ta dijital ta riƙa mutuwa tana tashi, ko allonta ya kama amma sauti ya shaƙe.

Ku kuma kula da AC da DC. Tsohuwar Line 6 DL4, koriyar nan, da DigiTech Whammy ta huɗu, 9V AC suke ci. Wanda ya ɗauki adaftarsu ya sa wa fedal ta DC don ya ga an rubuta 9, to sai dai ya kawo mini, kuma ba kullum ake ceto ta ba.

Mama Ma'aji: Baba, Allah ya saka da alheri. Amma a kan akwatin, wa ke da gaskiya a cikinsu?

Baba Injiniya: Kowa ya faɗi gaskiyar kayan da ke gabansa, Mama. A waya mai rassa, duk fedal ɗin suna sha daga bututu ɗaya ne, wadda ta gurɓata ruwan ta gurɓata wa kowa. Fedal ta dijital tana da agogon lantarki da ƙaramin mai juya wuta a cikinta, tana jan wuta da fizga-fizga cikin sauri. Wannan fizgar tana komawa kan layin da suka yi tarayya, ta shiga fedal ta distoshan irin DS-1, ita kuma aikinta ke nan ƙara ƙarfin duk abin da ya shigo, ta ninka shi ta miƙa wa amfilifaya. Ga kuma wani abu: fedal biyu sun riga sun haɗu ta wayar sauti, yanzu sun sake haɗuwa ta wayar wuta, an sami zobe ke nan, zoben kuma yana kwasar ƙugi. Abin ya fi tsanani in wasu fedal suna gaban amfilifaya wasu suna bayanta ta ramukan send da return. Akwatin da ƙofofinsa ke keɓe da gaske yana yanke wannan tarayyar. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ƙara wa jita daɗi, ba ya gyara fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin igiyoyi a jikin jita.

Ɗan Jos: To kun ji. Ba ya ƙara daɗi.

Mai Bes: Kada ka tsinci rabin magana. Ya ce yana yanke tarayyar. Kuma akwai fedal da ba ta hawa waya mai rassa sam, ko da kunnenka bai damu da ƙara ba. Fuzz Face ta asali, ta 1966, da masu kwaikwayonta da transistocin jameniyam na PNP, fozitif ɗinsu ne ke haɗe da jikin ƙarfe. Ka haɗa ta layi ɗaya da sauran, ka haɗe fozitif da negatif ke nan. Sai dai batir ko ƙofa keɓaɓɓiya.

Ɗan Jos: Mutum nawa ke da Fuzz Face a Jos da Kaduna? Mu yi maganar kayan da ke hannun mutane.

Mai Bes: To mu yi. Yau yara da yawa burinsu manyan fedal na dijital ne, na kamfanin Strymon ko HX Stomp. BigSky ta Strymon kaɗai tana neman 300mA. Adaftar da HX Stomp ke zuwa da ita 3A ce. Ita wannan ma 1 Spot ɗinka ba a yi ta dominta ba.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina saurare tun ɗazu. Mu nan yawancin wasanmu a fili ne, gidan aure, da gurup, wato janareta, ko da batirin mota. Maganar da kuke yi ta akwati da waya duk tana tsammanin kuran mai tsabta ne ke fitowa daga bango. Ƙaramin gurup in an jona masa fitilu da sifika, wuta tana hawa tana sauka, kana ji a amfilifaya. Ni na koma batir na 9V a distoshan da fedal ta wawa (wah-wah), shiru kake ji. Babu wutar da ta kai batir tsabta.

Baba Injiniya: Wannan gaskiya ce ba ja. Batir ba ya tarayya da kowa, ba ya da ƙugin 50Hz. Lissafinsa ma mai sauƙi ne: batir alkalin na 9V yana riƙe da kimanin 500mAh. Fedal mai cin 4mA za ta haura awa ɗari a kansa. Amma Boss DD-7 mai cin 55mA ba za ta kai awa goma ba, in batirin mai arha ne ma ƙasa da haka sosai. Kuma a riƙa zare wayar jita daga ramin input in an gama, domin muddin tana ciki batirin na aiki ko fitila ba ta kama ba.

Ɗan Agadas: Haka ne Baba. Dile kam ba na sa mata batir. Wani aboki ya ba ni shawarar fawa bank da wayar nan mai ɗaga 5V zuwa 9V.

Baba Injiniya: Yana yi, da sharaɗi biyu. Wayoyin nan don rauta aka yi yawancinsu, fozitif a tsakiya, sai an juya fuskar ko an sa ɗan guntun waya mai juyawa. Na biyu, fawa bank da yawa suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, suna ɗauka an gama caji. Kana tsakiyar waƙa sai fedal ta ɗauke. Ka gwada a gida na tsawon lokaci kafin ka fita da shi. Wasu wayoyin kuma suna da tasu tsuwwar, sai an saurara.

Mama Ma'aji: Yaran sun turo mini hoton wanda suke so. Ƙofa goma, fitila shuɗiya a kan kowace, an rubuta aisoleted, wato a keɓe, a kwalin, kuma kuɗinsa bai kai rabin na masu tsadar ba. Ba shi ke nan an huta ba?

Baba Injiniya: Mama, a nan nake so ki tsaya. Irin waɗannan na buɗe su ba sau ɗaya ba. Da yawansu a ciki layi ɗaya ne, an dai sa wa kowace ƙofa kariya don in ɗaya ta haɗe kada sauran su mutu. Kariyar tana da amfani, amma ba ita ce keɓewar da ke kashe ƙara ba. Waya mai rassa ce a cikin gwangwani. Gwajin ba wuya. A cire shi daga bango, a soka wayoyi biyu a ƙofa biyu, a sa mita a wurin da take ƙara in waya ta haɗu. A taɓa cikin bakin wannan da cikin bakin wancan, sannan wajen wannan da wajen wancan. In mita ta yi kuka a ɗayan biyun, ƙofofin a haɗe suke. Su tafi shagon da mita, in mai shago ya ƙi a gwada, su bar masa kayansa.

Ɗan Jos: Ashe dai maganata ta fito. Ana sayar wa mutane kwali ne.

Mai Bes: Na jabu ake sayarwa da kwali. Voodoo Lab Pedal Power 2 Plus ƙofofinta takwas a keɓe suke da gaske. Strymon Zuma tara, kowace 500mA. Cioks DC7 bakwai, kuma kowace kana iya sa ta 9, 12, 15 ko 18V. Samun jabu a kasuwa bai mai da na gaske banza ba.

Baba Injiniya: Tunda ka ambaci waɗannan, akwai bambanci a tsakaninsu da ya shafe mu nan fiye da yadda ya shafi mai kiɗa a Turai. Pedal Power 2 Plus da taransifoma take aiki, kuma ana yin ta iri-iri, ta 120V don Amurka, ta 230V don irin wutarmu. Wanda ya sayi ta gwanjo daga Amurka ya soka a bango a nan, hayaƙi zai gani. A karanta bayanta kafin a biya. Sannan mai taransifoma, in wutar gari ta yi ƙasa sosai, abin da take fitarwa yana raguwa har ƙugi ya fara ratsowa. Su Zuma da 1 Spot kuwa an rubuta musu 100 zuwa 240V, rabin wuta ba ya damunsu sosai. A unguwar da wuta ke zuwa a raunane, wannan ya fi yawan ƙofa muhimmanci a wurina. Mai taransifoma kuma kada a ajiye ta dab da fedal ta wawa, akwai naɗin waya a cikin wawa da ke kwasar ƙuginta.

Ɗan Jos: Baba kun ga 1 Spot ta sake fitowa a jerin masu kyau.

Baba Injiniya: Ta fito, ban ce ba ta da kyau ba. Da kayanka huɗu, ni ma ba zan ce ka sayi komai ba. Inda na saɓa da kai shi ne cewa ta ishi kowa. Mama, ki tambayi yaran me ke kan allonsu.

Mama Ma'aji: Sun ce obadaraib ɗaya, kwamfuresa, da dile da ribab mai sa amsa-kuwwa, na dijital. Kuma ƙugin da ke damunsu yana nan ko ba a taɓa jita ba, in mai jita ya juya jikinsa sai ya ragu.

Mai Bes: In yana raguwa da juyawa, ai fikof ne. Jitar irin Stratocaster ce?

Mama Ma'aji: Sun ce ita ce.

Baba Injiniya: To akwati ba zai taɓa wannan ba ko na nawa ne. Fikof mai naɗi ɗaya yana kwasar ƙugi daga iska, daga fitilu da fanka da wayoyin gini. Su gwada haka ranar gwaji: a murɗe ƙarar jitar zuwa sifili. In ƙugin ya ɓace, daga jita yake, sai a duba rufin cikinta da wayarta, ko a sa makunnin fikof a matsayi na biyu ko na huɗu, inda yawancin na zamani ke kashe ƙugin. In bai ɓace ba, a cire fedal duka a soka jita kai tsaye a amfilifaya. In yana nan, amfilifaya ce ko soket ɗin ba shi da wayar ƙasa. Kuma ina roƙo, kada wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogi don ƙara ta tafi. Ita ce ke tsakanin mai jita da shokin in amfilifaya ta sami matsala, ga igiyoyin ƙarfe a hannunsa ga makirufo a bakinsa. Sai in an ga shiru ba fedal, ƙara da fedal, sannan a zargi wutarsu. Ko a nan ma akwai hanya mai arha: obadaraib da kwamfuresa su zauna a waya mai rassa, dile da ribab kowace ta sami adaftarta.

Mai Bes: Adafta uku a ekstenshan ɗaya, Baba, a kan dandamalin da yara ke tsallakawa? Ɗaya ta sassauta a tsakiyar sujada shi ke nan. Ni dai ina kan bakana, mai dijital biyu ya tara kuɗi ya sayi na gaske sau ɗaya.

Ɗan Jos: Ni ma ina kan nawa. A fara da mai arha, kunne ya yanke hukunci.

Mama Ma'aji: Na ji kowa. Ba zan sa hannu a takardar ba tukuna. Ranar Alhamis suna da gwaji, zan sa su bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, su ɗauko sautin kowane mataki a waya in turo muku. Baba, wace irin mita za su ara?

Baba Injiniya: Kowace ƙaramar mita ta masu gyaran waya ta isa, muddin tana da wurin nan mai kuka. Su ɗauko mini hoton gindin kowace fedal da na jikin adaftar da suke amfani da ita yanzu, rubutun ya fito sosai, ina so in ga fuskar wutar kafin su sake kunna komai.