Neman shawara: in jira aikin man fetur ko in karɓi na zinariya?

Mai tambaya, daga Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na kammala digiri na farko a fannin ilimin ƙasa da duwatsu a jami'ar KNUST da ke Kumasi, yanzu kuma ina dab da gama bautar ƙasa. Tun ina aji uku hankalina ya karkata ga ilimin tsarin duwatsu, wato yadda suke lanƙwashewa, su tsage, su goce, kuma burina shi ne in ƙware wajen nazarin rumbunan man fetur, wato duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ke riƙe da mai, musamman waɗanda mai ke gudana ta cikin tsagoginsu. Sai ga shi wani kamfanin neman zinariya ya yi mini tayin aiki, Baba kuma ya ce kada in saki reshe in kama ganye. Shin in karɓa, ko in dage da neman tallafin digiri na biyu a waje?

Amsa ta farko, daga wani da ya yi aikin mai a Takoradi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka yanke hukunci, ya kamata ka san irin dutsen da man Ghana ke kwance a cikinsa. Filin Jubilee, wanda kamfanin Kosmos ya gano a 2007 aka fara hakowa a Disambar 2010, da TEN wanda ya biyo baya a 2016, da Sankofa na kamfanin Eni a 2017, duk rumbunansu dutsen yashi ne da ya taru a zurfin teku, kuma man yana zaune ne a ƙananan kofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin. Rumbunan da tsaga ke mulki a cikinsu suna wasu wurare: dutsen farar ƙasa na Asmari a Iran, da dutsen alli na filin Ekofisk a tekun Norway, da filin Bach Ho na Vietnam inda ake samun mai a cikin tsagaggen dutsen giranit. Mafi kusa da mu shi ne yankin Bongor a Chadi.

Aikin yana da daɗi ga mai son tunani, domin a da yawa daga cikin irin waɗannan rumbuna jikin dutsen ne yake ajiye yawancin man, tsagar kuma ita ce hanyarsa ta zuwa rijiya, abin da masanan nan biyu, Warren da Root, suka tsara lissafinsa tun 1963. Wahalarsa ita ce hanyar da mai ke bi ita ruwa ma ke bi, har ya fi shi sauri, shi ya sa rijiya za ta fara da ambaliyar mai, bayan ɗan lokaci ta koma fitar da ruwa. Haka ya faru a filin Lancaster da ke yammacin tsibiran Shetland na Birtaniya, wanda ya fara aiki a 2019 amma daga baya aka zabge ƙiyasin man da ke cikinsa ƙwarai. Kujerun wannan ƙwarewa kaɗan ne, kuma lokacin da farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, na ga ƙwararru da yawa sun koma gida.

Amsa ta biyu, daga wani dattijo da ya yi ritaya daga ma'adinai:
Ɗana, maganar mahaifinka tana kan hanya, amma dalilina ya bambanta da nasa. Zinariyar Obuasi tana bin layukan da tsofaffin duwatsun da ake kira Birimian suka goce suka murƙushe juna sama da shekara biliyan biyu da suka wuce, don haka mai neman zinariya a wannan ƙasa, ko ya sani ko bai sani ba, ilimin tsarin duwatsu yake ci da shi. A can za ka wuni da kamfas da guduma, ka auna karkatar tsaga ɗaruruwa, ka shafa samfurin dutsen da aka ciro daga rami da hannunka. A kamfanin mai kuwa, dutsen yana ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita dubu, sai dai ka gan shi a allon kwamfuta. Ni a ganina wanda bai taɓa tsayawa gaban tsaga ya ga yadda take rarrabuwa ba, ba zai iya zana ta a Petrel, manhajar da ake zana rumbunan mai da ita, da gaskiya ba.

Amsa ta uku, daga wata mai aikin rijiyoyin burtsatse a arewa:
Ƙanena, kada ka manta da ruwa. A Wa da Bolgatanga, inda ƙasa ke kan dutse mai tauri, rijiya ba ta ba da ruwan kirki sai ta faɗa kan tsaga ko ruɓaɓɓen dutse, kuma lissafin gudanar ruwan ɗan uwan na mai ne.

Mai amsa ta farko ya dawo:
Baba mai amsa ta biyu, na yarda da kai, sai dai ina da gyara guda. Idan mai tambaya ya wuce shekara uku ko huɗu a zinariya ba tare da ya taɓa fassara hoton ƙarƙashin ƙasa da ake ɗauka da amon sauti ba, kamfanonin mai za su ɗauke shi a matsayin mutumin ma'adinai kawai. Ya karɓi aikin, amma ya riƙa koyon karanta bayanan rijiyar mai da shirya manhaja da Python a lokacin hutunsa, ya kuma sa ido kan shimfiɗar duwatsun da ake kira Voltaian Basin, wanda ya mamaye kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasar nan, inda kamfanin mai na ƙasa, GNPC, ke bincike a cikin tsofaffin duwatsu masu tauri da tsaga za ta iya yin tasiri a cikinsu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Zan amsa tayin ranar Litinin in Allah ya yarda. Yaya, wanne zan fara da shi tsakanin bayanan rijiya da hoton amon sauti, ganin cewa a sansanin da za a tura ni intanet ba ta da ƙarfi?