Kaya suna mannewa a kan kantar katako da aka yi wa sabon fenti

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin katako da fenti. An yi mini kanta ta littattafai, aka shafa mata farin fentin ruwa mai sheƙi har sau biyu, kuma bayan 'yan kwanaki da na taɓa na ji ta bushe sarai, sai na jera kayana. Yanzu duk abin da na ɗaga sai na ɗan ja shi kafin ya saki. Wani littafi mai bangon leda ya taso da fenti a gefensa, ƙaramar rediyo kuma ta bar tabo huɗu daidai inda ƙafafunta na roba suka zauna. Shin fentin ne ba shi da kyau, ko kuwa akwai abin da ake shafawa a kai domin ya daina wannan danƙo? Ba na son in sake aikin daga farko idan akwai wata mafita.

Tsohon mai fenti:

Wa'alaikumus salam, Malama. Da wuya a ce fentin ne ya lalace, domin abin da kika bayyana shi ne halin fentin ruwa da bai gama ƙeƙashewa ba. Samansa yakan bushe cikin awa 1 zuwa 2, har a iya ƙara wani shafin bayan kamar awa 4, amma cikinsa yana nan da taushi, tun da ragowar ruwa da sinadaran da ke tausasa shi a hankali suke fita. Kafin ya yi taurin da zai ɗauki nauyi ba tare da ya kama kaya ba, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, shi ya sa kamfanoni da yawa suke rubuta kwana 30 a jikin gwangwani. Fentin mai kuwa jinkirinsa a farko yake: sai ya yi awa 6 zuwa 8 kafin a taɓa shi, amma da yake iskar da ke ratsa shi ce take ƙarfafa shi, yakan yi tauri cikin kamar mako guda, kuma ya fi jure nauyi.

Akwai abubuwan da suke ƙara jan lokacin. Idan an lafta fentin da kauri, ko an ɗora shafi na biyu tun na farko bai sha iska ba, saman yakan rufe ya tsare danshin da ke ƙasa, kamar ciwon da ya yi ɓawo alhali cikinsa ɗanye ne. Laima a cikin ɗaki da sanyi su ma suna hana shi yin tauri da wuri, musamman idan kantar tana lungu ko cikin kabad inda iska ba ta zagayawa.

Shawarata ita ce ki sauke kayan duka, ki buɗe taga, ki kunna fanka tana kaɗawa kusa da ita. Lokaci zuwa lokaci ki danna farcenki a wani gefe da ido ba ya kai wa. Muddin farcen yana barin alama, to da saura.

Mai sha'awar gyaran gida:

Na yarda da bayanin Malam, sai dai ba kowa ne yake da wurin da zai tara littattafai har wata guda ba. Idan ya zama dole ki mayar da wasu kayan, 'yar'uwa, ki shimfiɗa takardar gashi, wato irin wadda ake sa wa a tiren oben, domin an shafa mata abin da ke hana ta kama komai. Kada ki sa jarida, tawadarta za ta zauna a kan farin fentin, kuma kada ki sa leda, ita ma mannewa take yi. Ki fara da kaya marasa nauyi, kina ɗan gusar da su kullum. Wasu suna barbaɗa hodar jiki su goge da ƙyalle mai laushi, tana kuwa rage danƙon na ɗan lokaci.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai da wannan bayani. Wani ya ce mini in shafa banish, wato ruwan nan mai sheƙi da ake shafa wa katako, a kai yanzu domin ya rufe fentin gaba ɗaya. Hakan zai yi?

Tsohon mai fenti:

Kada ki yi shi yanzu, Malama. Duk abin da aka shafa a kan fenti mai taushi zai toshe hanyar da danshin yake bi ya fita, ƙarshenta ya yamutse ko ya tsattsage, aikin ya fi na da muni. Idan ya gama tauri, ki bi wuraren da suka ɗaye da samfefa mai laushi, lamba 220, ki share ƙurar da ƙyalle mai ɗan danshi, ki taɓa su da fenti siriri. Bayan nan ya rage naki: ko ki shafa banish na ruwa shafi biyu marasa kauri, ko ki murza kakin goge katako ki goge shi har ya yi santsi. A kan farin fenti ki guji banish na mai, domin yana komawa ruwan ɗorawa da daɗewa. Ki kuma sani cewa inda aka sa kaki, sabon fenti ba ya kamawa sai an cire kakin tas.

Batun rediyon nan kuwa daban ne, kuma ina so ki kula da shi ko bayan fentin ya yi tauri. Roba mai laushi da bangon leda suna ɗauke da sinadarin da ke sa su lanƙwasuwa, wanda yake tsattsafowa a hankali ya jiƙa fentin da ke ƙarƙashinsa, don haka suna iya mannewa ko da kantar ta shekara. Ki liƙa ɗan guntun ƙyalle mai kauri a ƙasan kowace ƙafa, littattafai masu bangon leda kuma ki bar takarda a ƙarƙashinsu.