Abin da aka tattaro kan shuka girafin a kan ƙarfe

An tattauna kan yadda ake shuka girafin, wato samar da fallen kabon mai kaurin atam ɗaya, a fuskar ƙarfe cikin tanderu. Zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya tsaya kan jan ƙarfe in falle ɗaya ake so. Kabon ba ya narkewa cikinsa sosai, da an rufe fuskar sai girman ya tsaya. Tun aikin jami'ar Texas na 2009 ake bin wannan hanya. Nikel kuwa yana shanye kabon, ya amayo shi lokacin hucewa, falle ya hau kan falle.

2. Zafin tanderu wajen digiri 1000 na Salsiyas, da iskar mitan (ita ke ba da kabon) da haidirojin. Jan ƙarfe na narkewa a 1085, a kula.

3. A goge ƙarfen, a gasa shi tukuna. Mitan kaɗan ya fi ba da manyan ƙwayoyi (yankunan girafin da ke haɗuwa su zama falle), amma sai da haƙuri.

Inda aka rabu shi ne iskar oksijin. Wasu sun ce ɗan kaɗan a fuskar ƙarfen na rage wuraren tsiro, ƙwayoyin su yi faɗi. Wasu suka ce daidaita ta da wuya. Ni dai na fi karkata ga na farko.

Wajen ɗauke fallen daga kan ƙarfen, duk sun koka da ragowar PMMA, robar da ake shafa masa don ta riƙe shi. A duba fallen da Raman, na'urar da ke auna shi da hasken lesa: ƙololuwar da ake kira D a zanen sakamakon in ta tashi, akwai lahani.