"Labarin zuciya a tambayi fuska": har ina maganar ta tsaya?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, ku warware mini wannan. Jiya wani dattijo a layinmu ya hana wani saurayi hayar ɗaki, wai kallo ɗaya ya yi masa ya ga ba shi da fuskar mutanen kirki. Yaron ya tara suma, wandonsa a yage a gwiwa irin na yayi. Da aka yi wa dattijon magana sai ya ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska." Abin da Bahaushe yake nufi ke nan? Abin ya tsaya mini a rai.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka yi saurin ganin laifinsa. Mu da muke zaune a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi, ƙasar Gana, da ido muke cin abinci. Mace za ta shigo rumfa ta ɗaga turmi uku, tana magana idonta na kan hanya, ba ta ko tsaya ciniki ba ta ce a rubuta mata bashi. Irin wannan ba na ba ta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Baba Mai Goro: Hajiya, ki yi haƙuri, kin haɗa abu biyu. Wadda kika kwatanta ai halinta kika gani, yadda ta shigo da yadda ta yi magana. Shi kuwa dattijon suma da wando ya gani. Yadda muka taso muka ji ana faɗin wannan karin magana, ga wanda ka riga ka sani ake faɗinta. Matarka ta ce lafiya lau, amma ka ga ido ya yi ja. Abokinka ya dawo daga asibiti, kafin ya buɗe baki ka san sakamakon. Fuska tana tona damuwa da murna da fushi na wannan lokacin. Ba ta ba ka labarin amanar baƙon da ba ka taɓa zama da shi ba. A sana'armu in an kwance huhu, za ka ga goro ja jawur yana sheƙi a cikin ganye, ka fasa ka tarar sankara ta cinye cikinsa. Daushe kuwa ya yamutse, yaro ba zai kalle shi ba, amma masana shi suke nema. Shi ya sa babu mai sayen huhu bai fasa 'yan ƙwayoyi ba.

Malama Asawase: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni abin da ke ci mini rai shi ne mu 'yan Zongo, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron wannan hukunci, domin a kanmu yake sauka. Yaro ya je neman aiki, da an ji sunansa an ji unguwarsu sai fuska ta canza. Kun manta watan Yuli na 2018? An harbe 'yan'uwanmu bakwai a yankin Manso Nkwanta da ke nan jihar Ashanti, aka ce 'yan fashi ne. Unguwarmu Asawase ta ɗauki zafi, gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin kuma bai samu hujjar da ta nuna 'yan fashi ba ne. Allah ya jiƙansu. Tun kafin binciken ya fito mutane da yawa a gari sun riga sun gaskata, don kawai an ce daga Zongo suke. To in an yi mana haka mun yi kuka, da wane baki za mu juya mu yi wa yaranmu irinsa saboda aski?

Hajiya Mai Atamfa: Amin, Allah ya gafarta musu. Malama, wannan kam ba ni da ta cewa. Amma ban janye duka ba. Yaran nan su ma su taimaki kansu. Wanda zai je gaban dattijo neman ɗaki, me zai rage shi in ya sa riga ta mutunci ya rusuna ya gaishe shi? Ai an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba mai masauki kaɗai ta shafa ba.

Direban Tafo: Inna, gaisuwa dole ce, na yarda. Riga kuwa ban yarda ba. Wanda ya cuci ƙanwata kuɗin adashe da farar jallabiya da carbi ya zo, goshi har da tabon salla. Kowa Alhaji yake ce masa. Kallon kitse muka yi wa rogo. Macuci ya fi kowa sanin kayan da ake so a gani, shi ya sa yake sa su.

Baba Mai Goro: To ka ji. Kakanninmu fatake da suka biyo hanyar Salaga, tsohuwar kasuwar goro a arewacin Gana, suna sayen goro, a galabaice suke isowa, ƙura har gira, ba mai kyan gani a cikinsu. Ba a duba wannan. Baƙo yakan sauka wurin maigida, maigidan ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in za a yi bashi. Abin da ake tambaya shi ne, a gidan wa ya sauka, wa ya san shi. Wannan hanya har gobe tana aiki. Mai ɗaki ya tambayi inda yaro yake aiki, ya je ya ga ubangidansa, ya ji ta bakin limamin unguwarsu ko maƙwabtan da ya bari. Yini ɗaya ya isa.

Hajiya Mai Atamfa: In ubangidansa zai zo da ƙafarsa ya tsaya masa, ko ni sai in ba shi ɗaki. Amma ranar da zai kawo kuɗin haya, zan gaya masa gaskiya a kan wandon nan.