"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": gargaɗi ne ko baki?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Ina roƙon iyayena da yayyena da ke nan su warware mini wata magana da ta tsaya mini a rai. Shekarata 24, ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, kuma ban taɓa yin mako guda a wajen Jigawa da Kano ba. Na sami aikin haɗa na'urorin sola a Legas, zan tashi da zarar an gama girbin gero, ba ni da kowa a can sai lambar wayar wani ɗan garinmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Da na je zaure na sanar da baffana, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, bai hana ni ba, amma ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "To, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Da na shiga ciki na gaya wa kakata, sai ta yi dariya ta ce, "Rabu da shi, zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi." Shin baffa gargaɗi ya yi mini, ko kuwa baki ne ya yi mini a fakaice?

Malamin Hausa, Gumel: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗana, babu baki a cikin wannan magana. Sirrinta yana cikin kalmar "bari", wadda take da fuska biyu a bakin Bahaushe. Idan aka ce mutum ya bar gari da asuba, tafiya kawai ake nufi, amma idan aka ce ya bar sallah ko ya bar iyalinsa, to watsarwa ake nufi, kuma a fahimtata wannan ta biyun ce karin maganar ta ɗauka. Haka nan "gida" a nan ba katanga da azara ba ne, mutanen da ke ciki ne da haƙƙoƙin da ke tsakaninsu. Wanda ya tafi amma yana aike, yana zuwa gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure, bai bar gida ba ko da a bangon duniya yake zaune.

Baba na Ɓaɓura: Malam, ka yi bayani irin na masu allo da alli, amma ni da na ɗanɗana ban yarda da kai ba. Na fara da ci-rani, ina tafiya bayan kaka ina dawowa kafin ruwan shuka, daga baya na zauna a unguwar Agege ta Legas shekara 11 ina sayar da goro. Babu watan da ban yi aike ba, kuma a wancan zamani babu tura kuɗi ta waya, sai dai ka nemi direba ko ɗan gari mai amana ka damƙa masa. Duk da haka, ranar da na dawo da niyyar zama, na tarar an cika ɗakina da buhunan gyaɗa, gayaunata tana hannun ƙanena shekara takwas har ya kafa mata shinge, an ba da 'yar wana aure ba tare da an nemi shawarata ba, sannan yaran gidan suka durƙusa suka gaishe ni gaisuwar baƙo, ɗaya ya ruga ciki yana cewa an yi baƙo daga Kurmi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya zalunce ni balle in yi ƙara. Ɗaki ba ya zama a rufe alhali gyaɗa tana waje, gona ba ta jiran mai ita. Saboda haka ni a wurina maganar nan labari ce kawai ta abin da ke faruwa, ko ka yi zumunci ko ba ka yi ba.

Manomi daga Ɗambatta: Ina ganin sai an duba wanda ya faɗi maganar da lokacin da ya faɗe ta. Mai gidan da ke riƙe da gandu, idan saurayi mai ƙarfi ya ce zai tafi, abin da yake fara lissafawa shi ne hannu ɗaya ya ragu a sharar gona da shuka da noman fari da maimai, kuma dole a ɗauki ɗan ƙodago a madadinsa. A tsarin gandu, cinka da suturarka da aurenka duk suna wuyan mai gida muddin kana aiki a gonar gida, idan ka fita kuwa wannan nauyi ya sauka daga kansa. Ina zaton baffanka yana gaya maka ne, cikin kunya irin ta manya, cewa daga yau lissafinku ya canza.

Yaya Nas, Kazaure: Ku gafarce ni iyayena, akwai abin da ban ji an taɓo ba. Kullum ana kai amare wasu garuruwa, wata daga Kazaure har Zariya ko Jos, ban taɓa jin an bi amarya da wannan karin magana ba, sai dai a ce ta yi haƙuri ta bi mijinta. Amma ranar da na sami aikin jinya a Abuja zan tafi ni kaɗai, sau uku aka faɗa mini ita a yini ɗaya. Wannan ya nuna mini cewa ba kowace tafiya ake yi wa ita ba, sai wadda mutum ya zaɓa da kansa, shi ya sa nake ganin akwai ɗan zargi a cikinta ko da ba baki ba ce.

Ƙanena, abin da ya fi ba ni wuya ba gida ba ne, can ɗin ne. Na kama ɗaki a Mararraba saboda haya a cikin birni ta fi ƙarfina, ina fita tun duhun asuba don gudun cunkoson hanyar Nyanya. Ƙaramar Sallar farko ina bakin aiki, da na dawo na dafa shinkafa a ƙaramar tukunya na zauna ina kallonta, babu wanda zan aika wa, babu wanda zai aiko mini, sai na kira mahaifiyata ina jin hayaniyar yara a bayanta. A ranar na gane abin da ake nufi da baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Sauƙi bai zo mini ba sai da wata dattijuwa Bagwariya a layinmu ta ja ni a jiki, ta nuna mini mai ruwan da ba ya ha'inci da kasuwar da ake samun kuka da daddawa.

Malamin Hausa, Gumel: Maganarki a kan amare ta kama hankali, ban taɓa lura da ita ba, kuma na karɓa. Sai dai "baƙo raɓa" ba don tausayin baƙo kaɗai ake faɗarta ba. Raɓa tana bushewa da zarar hantsi ya ɗaga, kaba kuwa duk manomi ya san ko an sare ta sai ta sake tofowa saboda zurfin saiwarta, don haka ana faɗa wa ɗan gari ita don ya yi haƙuri da wanda ba daɗewa zai yi ba, ana kuma faɗa wa baƙo don kada ya ja da masu wuri.

Ga Baba na Ɓaɓura kuma, ina tunatar da shi cewa mutanen da suka bar mana wannan magana matafiya ne na gaske. Fatake sun yi ta kai jaki Gwanja sayen goro, suna shafe watanni kafin su ga gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, unguwar Sabo ta Ibadan ta kafu a 1916, kuma a irin waɗannan wurare baƙo yana sauka ne wurin fatoma, wanda zai ba shi masauki ya tsaya masa a ciniki. Mutanen da suka ce tafiya mabuɗin ilmi, suka ce gida biyu maganin gobara, da wuya a ce sun ɗauki fita kanta a matsayin asara.

Baba na Ɓaɓura: Malam, ai ka kawo mini hujja ne da kanka. Je ka Agege ko Sabo ka ga jikokin waɗannan mutane: da yawansu Yarabanci ya zauna a bakinsu daram, idan ka tambaye su garinsu sai su ambaci sunan wani ƙauye a ƙasar Kano wanda ba su taɓa taka shi ba, kuma babu wanda ya san su a can. Ban ce sun yi asara ba, wasunsu sun fi mu arziki nesa ba kusa ba. Na ce dai gidan farko ya bar su. Kai kuma yaro, kada ka raina mai albasan nan, ka kai masa tsaraba ko ta kuka ce, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma kada ka ba kowa kuɗin haya kafin ka ga ɗakin da idonka.

Ɗan Ringim: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan sallar isha'i na yi ƙarfin hali na koma wurin baffa, na tambaye shi abin da yake nufi. Bai amsa kai tsaye ba, sai ya ba ni labarin wani ƙaninsu da ban taɓa jin sunansa ba, wanda ya tafi Kurmi tun kafin a haife ni, wasiƙarsa ta zo sau biyu, daga nan shiru har yau, kuma kakata ba ta yarda a ambace shi a gabanta. Sai na tuna dariyar da ta yi ranar nan, jikina ya yi sanyi. Mun yi magana a kan gona, na ɗauki alkawarin biyan ɗan ƙodago a madadina kowace damina, shi kuma ya ce ɗakina zai bar wa ƙanena ya riƙa kwana a ciki don kada a mai da shi rumbu. Fartanyata ma ya ce in rataye ta a zaure da hannuna kafin in tafi. Baba na Ɓaɓura, idan ba damuwa zan neme ka ta akwatin saƙo, ina so ka yi mini kwatancen yadda zan isa Mile 12 daga inda motocin Kano ke sauke fasinja.